Shekarar da Hoton Lambun Baba Ya Tsaya

Larabar farko ta watan Disamba, shekarar 2013, bayan sallar la'asar, ina durƙushe a gaban talabijin ɗin ɗakin Baba da rimot a hannuna, hoton lambunmu na Maska ya tsaya cik. Shekarata goma sha biyu a lokacin. Har yau ina ganin abin da ke kan gilashin: hannun Baffa Lawal, ƙanin Baba, ya kamo ganyen tumatir ɗaya zai juya bayansa, sai hannun ya daskare a nan, wani ɗan farin zobe ya fito a tsakiya yana ta juyawa kamar mazari. Muryar Baffa ta ci gaba ita kaɗai, tana cewa a dubi nan, a dubi can, alhali babu abin dubawa. Can sai hoton ya yi tsalle, ya farfashe gutsu-gutsu, kore da ruwan ƙasa, ya sake tsayawa. Baba yana kan kujerarsa, hannunsa na dama kwance a cinya inda Inna ta ajiye masa shi tun da rana. Ya juyo ya dube ni, ni kuwa na dubi rimot.

Ya kamata in koma baya kaɗan. Baba manomi ne tun tasowarsa, irin waɗanda ba sa yarda da labarin gona sai sun taka ta da ƙafarsu. Gidanmu yana cikin Funtua, gonar masara da lambun rani kuwa suna wajen Maska, kuma kafin ciwon ya same shi ba na jin akwai makon da bai hau babur ya je sau uku ko huɗu ba. Shekara guda kafin wannan ranar ya faɗi a bakin rijiya, ɓarin jikinsa na dama ya shanye, harshensa ya yi nauyi. Daga nan duniyarsa ta koma ɗaki ɗaya da kujera ɗaya. Baffa ya karɓi zuwa gona, yana dawowa ya ba da labari, amma labarin bai taɓa isar Baba ba. Idan Baffa ya ce masara ta yi kyau, sai Baba ya tambaya, da ƙyar, wane irin kyau.

Yayana Nafi'u ne ya samo dabara. Shi ne babba a gidanmu, ni ce auta, yayyena mata biyu da ke tsakaninmu duk sun yi aure. Ya sayo 'yar kyamara mai ɗaukar hoto garau, ya koya wa Baffa riƙe ta. Ya ajiye tsohuwar kwamfutarsa a ɗakinsa, kusa da ita wata na'ura mai ƙaho biyu, sannan ya sa wani ɗan baƙin akwati a ƙarƙashin talabijin ɗin Baba. Yadda ya bayyana mini, hoton yana zaune ne a cikin kwamfutar, mai ƙahon ta turo shi ta iska, ya ratsa bango ya tsallake tsakar gida, ɗan akwatin ya cafe shi ya nuna. Ban gane ba sosai, amma na ga yana aiki. Duk daminar nan, kowace Laraba Baffa ya kawo kyamara, a zuba hoton a kwamfuta, a tayar da ƙaramin janareta idan babu wuta, Baba ya zauna ya duba gonarsa.

Ba zan iya kwatanta yadda yake duban nan ba. Hoton yana da kyau har kana ganin jijiyoyin ganye da 'yan ƙwarin da ke tafiya a kai. Baba ya kan ɗaga hannun hagu, in tsayar, ya ƙura ido na tsawon lokaci, sannan ya yi magana. Ni ce na fi kowa jin maganarsa tun da harshen ya yi nauyi, wataƙila don ni ce na fi zama kusa da shi, saboda haka ni nake maimaita wa Baffa. Wannan kunyar tana son taki. Waccan ta gabas wuta-wuta ta fara leƙowa, a tumɓuke ta kafin ta yi fure. A jinkirta huɗa kwana uku. Baffa ya kan yi dariya ya ce, "Yaya, kana kan kujera ka fi ni gani, ni da na sha rana." Baba ya murmusa da rabin bakinsa. Sunan mahaifiyarsa aka sa mini, don haka Uwata yake kirana, kuma a ranakun nan idan ya ce "Uwata, mayar baya," ina jin kamar ni ma ina da hannu a noman.

A watan Satumba Yaya Nafi'u ya tafi karatu Malesiya. Ana gobe zai tafi ya zaunar da ni a ɗakinsa, ya sa na maimaita komai sau uku: yadda ake zare katin kyamara, inda ake zuba hoto, maɓallin da ake dannawa a ɗakin Baba. Ya rubuta mini a bayan littafin lissafina. A ƙarshe ya ce, "Ga shi nan yana aiki. Kada ki matsar da komai, kada ki bari kowa ya taɓa." Na riƙe wannan maganar kamar hadda. Ina jin da ya san irin riƙon da zan yi mata, da ya sassauta ta.

Bayan tafiyarsa gidan ya yi faɗi. Da safe in share tsakar gida, in ɗebo ruwa in cika randuna, in zuba wa awaki harawa, in tafi makaranta. In na dawo in yi wanke-wanke, in wanke kayan Baba in shanya, in kai niƙa idan akwai. Inna ba mai yawan magana ba ce, kuma jinya ta ƙara cinye 'yar maganar da take da ita. Da la'asar ina jiyo 'yan matan layinmu a waje suna 'yar gala-gala da carafke, wani lokaci su leƙo zaure su kira sunana, in ce ina zuwa. Tun suna kira har suka daina. A makaranta ma, lokacin tara, na fi zama a ƙarƙashin darbejiya ina cin gyaɗata, don labarin da nake da shi na taki ne da ganyen masara, kuma babu wanda yake son ji. Laraba ce ranata. Ita nake ƙirgawa.

Masarar shekarar ta yi albarka, kuma kowa ya ce idon Baba ne. A ƙarshen Nuwamba aka gama sussuka aka kawo ta gida. Kamar yadda ake yi a wajenmu, ba a sayarwa da kaka lokacin da take araha, ajiyewa ake yi sai ta yi daraja. Ɗakin ajiyarmu ya cika, saura buhuna da yawa a tsakar gida, sai Baffa ya ce ai ga ɗakin Nafi'u babu kowa. Na tsaya a bakin ƙofa ina gaya wa 'yan dako kada su taɓa teburin kwamfuta, kuma ba su taɓa ba. Suka jera buhunan daga ƙasa har kusa da rufi, layi uku ko huɗu, duk ta bangon da ke fuskantar ɗakin Baba, suka bar mini 'yar hanya da nake bi a kaikaice in kai ga teburin. Ɗakin ya koma ƙamshin sabuwar masara. Na ji daɗi ma a ranar, don na kare amanar da aka ba ni. A makon ne kuma aka fara ɗauko hoton lambun rani, inda aka dasa tumatir.

Sai ga waccan Larabar da na fara da ita. Abin da ya fi damuna shi ne, kwana biyu kafin nan na goge ɗan baƙin akwatin da jiƙaƙƙen tsumma, ba a sa ni ba. Na tabbata a raina ruwa ne ya shiga, ni na lalata. Ban gaya wa kowa ba. Na shiga gyara a ɓoye, duk lokacin da Baba yake barcin rana. Na zare wayar wuta na ƙirga talatin na mayar, kamar yadda na taɓa ganin Yaya ya yi. Na hura iska a 'yan ramukan bayansa. Na cire ɗan mayafin saƙa da Inna take rufe shi da shi, ko zafi ne ya yi masa yawa. Har na taɓa ɗora shi a kan murfin randa don ya sha sanyi, da igiyar wutarsa a miƙe, sannan na tuna an ce kada in matsar, na mayar da shi daidai kan shatin da ya bari a tebur. Na sayi sabon batir na rimot da kuɗin tarata. Na ɗauko ƙamus ɗin makaranta na bi rubutun da ke fitowa a talabijin kalma bayan kalma, na rubuta ma'anoninsu, amma da na haɗa su ba su ce mini komai ba.

Wani abu ya ƙara rikita ni. Tsofaffin karatuttukan malamai da ke cikin kwamfutar, masu dishi-dishin hoto, suna tafiya lafiya lau. Hoton lambu ne kaɗai, mai kyan nan, yake tsayawa. Baffa ya ce, "To ko lambun ne ba ya son a gan shi? Kin san tumatir da kunya." Ya yi dariya, ni ban iya yi ba. Ya kawo shawara a ɗauki Baba a kai shi gaban kwamfutar, amma 'yar hanyar da ke tsakanin buhuna ko ni sai na karkace, kuma Baba ya girgiza kai tun kafin a gama faɗa. Tun da ya kwanta bai yarda wani ya ɗauke shi a gaban mutane ba. Ɗauko kwamfutar zuwa ɗakinsa kuwa, ni ce na hana, har da kuka. An ce kada a matsar da komai.

Yaya yana kira ran Lahadi, minti kaɗan, don kira daga can yana da tsada. Makonni uku Inna tana hana ni faɗa masa. "Yayanki yana jarrabawa," in ji ta, "kada ki ɗora masa abin da ba zai iya yi daga can ba." A na huɗu na faɗa. Ya tambaye ni ko an matsar da wani abu, na ce a'a, kuma gaskiya na faɗa iyakar sanina. Kwamfuta tana inda take, mai ƙaho tana inda take, ɗan akwati yana kan shatinsa. Bai zo mini a rai in ambaci masara ba. A gidanmu masara ba abin ambato ba ce, kamar a tambaye ka me ya canza ka ce an yi sallar azahar. Sai ya koya mini yadda zan sa kwamfutar ta rage nauyin hoton kafin ta turo. Maganar jiƙaƙƙen tsumma ta zo mini har baki, na haɗiye.

Dabarar ta yi aiki, ta wata fuskar. Larabar da ta biyo hoton bai tsaya ba ko sau ɗaya. Amma ya zama kamar ana kallo ta cikin ruwan wanki. Ana ganin kore, ana ganin mutum yana tafiya, ba a ganin ganye. Baba ya ɗaga hannu na tsayar, ya matso da kansa gaba, ya daɗe yana kallo. Baffa yana gefe yana bayani, cewa tumatir ɗin kusurwar yamma ya fara yin rawaya daga ƙasa yana langaɓewa, shi a ganinsa yunwa ce, yana so ya ƙara taki ya ƙara ban ruwa. Ya jira. Ni ma na jira, don in maimaita abin da Baba zai ce. Da ya yi magana, ban so in maimaita ba, amma Baffa ya ji da kansa. "Lawal, yi yadda ka gani."

Daga ranar bai sake tambayar kyamara ba. Baffa ya ci gaba da kawo ta na ɗan lokaci, ina jin don kada a ce ya daina, ni kuma na ci gaba da zuba hotunan a kwamfuta, mako bayan mako, kowanne da kwanan watansa. Amma idan na ɗauki rimot sai Baba ya ce in bari. Ya sa aka juya masa kujera ta fuskanci ƙofa, inda yake ganin tsakar gida da awaki da igiyar shanya. Nan nake samunsa idan na dawo makaranta, yana kallon kayansa da na shanya suna kaɗawa. In zauna a ƙasa kusa da ƙafarsa in yi aikin makaranta. Wani lokaci awa guda ta wuce ba wanda ya ce uffan. Ba fushi yake da ni ba, na san wannan yanzu, kuma ina jin ko a lokacin na sani. Sai dai babu abin da zan maimaita wa kowa kuma. Lambun shekarar, kusan rabinsa ya lalace. Baffa ya zo ya faɗa a tsaye, hularsa a hannu, Baba ya ce Allah ya sa haka ne mafi alheri.

A watan Mayu masara ta yi tsada, aka kawo babbar mota ƙofar gida. Tun safe 'yan dako suke fitar da buhuna, kafin azahar ɗakin Yaya ya koma fayau, sai ɓeraye biyu da suka gudu da tsabar da ta zube. Na share, na goge teburin da busasshen tsumma. Ban san abin da ya sa ba, da la'asar na shiga ɗakin Baba na kunna talabijin, na zaɓi hoton farkon Janairu, na asali mai nauyin, irin wanda bai taɓa wuce minti ɗaya ba tare da ya tsaya ba. Na zauna ina jiran mazarin. Bai fito ba. Hannun Baffa ya kamo ganye, ya juya bayansa, ya saki. Kyamarar ta sauka ƙasa, ta bi fangali, ga ruwa kwance a gindin shukar yana ƙyalli, ga ƙasa ta yi baƙi ta yi gansakuka.

Ban san Baba yana kallo ba sai da na ji ya ce, "Uwata, mayar baya." Ya juyo da wuyansa iyakar yadda zai iya. Na ja kujerar da ƙyar na daidaita masa, na mayar, ya ɗaga hannun hagu na tsayar. Ya dubi hoton kamar yadda yake yi da damina, idonsa yana bin gilashin daga kusurwa zuwa kusurwa. Sannan ya ce, a hankali, yadda ko Inna da ke bakin ƙofa ta ji, "Ba yunwa ba ce. Ruwa ne ya yi masa yawa. A buɗe masa hanya ta yamma, a bar shi kwana huɗu." Na buɗe baki zan maimaita, sai na tuna babu wanda zan maimaita wa. Tumatir ɗin da yake magana a kai an tumɓuke shi tun watanni uku da suka wuce, an riga an share wurin ana jiran ruwan sama. Ina jin shi ma ya tuna a daidai lokacin, don ya sauke hannunsa, ya ce in kashe.

Ban gane dalili ba a ranar. Na ɗauka ruwan tsumman ne ya bushe a ƙarshe. Sai da kaka ta zagayo, aka sake jera buhuna a ɗakin Yaya, a yammacin ranar mazarin ya dawo, sannan na tsaya a tsakar gida ina duban bangon nan, na fahimta. Daga baya, a jami'a, na koyi cewa irin wannan saƙon na iska ba ya son ratsa abu mai kauri da danshi, kuma hoto mai kyau ya fi mara kyau buƙatar hanya mai faɗi. Ba zan rantse cewa masarar ce kaɗai ba, don ban auna komai ba a lokacin, amma ban samu wani bayanin da ya fi wannan ba. Na gaya wa Baba a ranar da na gano. Ya saurara har na gama, ya ce, "Ashe." Amma ya riga ya bar wa Baffa gona da lambu, kuma bai karɓa ba har ya rasu, shekara uku bayan haka.

Akwai abu ɗaya da ya rage. Da Yaya Nafi'u ya zo hutunsa na farko, na ba shi labarin duka, har da tsumman. Muna tsaye a tsakar gida, sai na ga ya ƙura wa igiyar shanyarmu ido. Shuɗiya ce, doguwa, mai santsi, Inna ta samo ta a kwalinsa lokacin da tsohuwar ta tsinke, jim kaɗan bayan tafiyarsa. Ya kama bakinta da ke lilo a jikin ƙusa, ya nuna mini ɗan kan roba da ke jiki. Waya ce da ake haɗa kwamfuta da ɗan akwatin da ita kai tsaye, ba sai an bi ta iska ba. Ya saye ta ko da za a buƙata, ya ƙi sa ta don kada awaki su tauna, sannan ya manta da ita sam. An ɗaure ta ne daga tagar ɗakinsa zuwa ƙusar da ke gefen ƙofar Baba. Ya fara dariya, sai ya ga fuskata, ya daina. A kanta nake shanya kayan Baba kullum, kuma ita Baba yake kallo duk watannin nan.

Yanzu na gama karatu, a fannin da bai yi nisa da waɗannan na'urori ba, ko da yake ba zan ce wannan ne ya kai ni ba, wataƙila dai yana ciki. Idan aka kira ni gyara, abokan aikina suna yi mini tsiya don ina tambayar abin da ba a tambaya: me aka shigo da shi ɗakin, me aka jingina a bango, me aka saba gani har aka daina ganinsa. Lambun yana nan, 'ya'yan Baffa ne suke nomawa. Suna turo mini hotonsa ta waya tun suna tsaye a cikin fangali, ya iso kafin su fito, garau, ba ya tsayawa ko kaɗan. Ina buɗewa in tsayar a kan ganye ɗaya, in faɗaɗa shi har in ga jijiyoyinsa, in daɗe ina kallo. Komai yana fitowa sarai. Mai karanta shi ne babu.